Suna jari ne: rayuwar Barbara Proctor da darasinta ga kasuwar Malbaza

Jawabin da aka gabatar a Malbaza gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati

  

Maganar yau a kan talla take. A ƙasar Hausa in an ce talla, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne yarinya da faranti a ka, tana bin ƙofar gidaje da bakin tasha da goro ko ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa. Sana'a ce da gidaje da yawa ke ci daga gare ta, amma babu uban da ke yi wa ɗiyarsa fatan ta girma a cikinta. A wasu ƙasashe kuwa talla ta zama babbar sana'a mai ofisoshi da ma'aikata, ana juya miliyoyin kuɗi a cikinta. Za a kawo tarihin wata mace da ta yi suna a wannan fage, Barbara Gardner Proctor, baƙar fata ƴar Amurka, domin rayuwarta ta taɓo wata tambaya da ta shafi kowane ɗan kasuwa na wannan yanki: wanda ba shi da gona, ba shi da gida, ba shi da garke, me zai jinginar in yana neman jari?

Daga bukkar kaka zuwa Shikago

An haifi Barbara Gardner ranar 30 ga watan Nuwamba 1932 a jihar Karolina ta Arewa, cikin kudancin Amurka, a zamanin da doka ta raba makarantun baƙaƙe da na Turawa, ta raba musu mazauni a mota da wurin shan ruwa. Mahaifiyarta yarinya ce ƙarama lokacin da ta haife ta, don haka a hannun kakarta ta tashi, a wani ƙaramin gari mai suna Black Mountain, cikin gidan da babu lantarki babu ruwan famfo. Daga baya ta sha ba da labarin cewa kakar ba ta taɓa ruɗin ta da zancen kyau ba: ta kan gaya mata cewa kyan fuska ba rabonta ba ne, amma Allah ya ba ta kai, kuma da kan nan za ta ci abinci.

Ta yi karatu mai zurfi a kwalejin Talladega da ke jihar Alabama, ɗaya daga cikin makarantun da aka kafa wa ƴaƴan bayi bayan yaƙin basasar Amurka, ta kammala a 1954. Zuwanta Shikago ba da shiri ba ne. Ta yada zango a birnin kan hanyarta ta komawa gida, kuɗin motar suka ƙare a hannunta, sai ta zauna neman aiki. Zaman da ta yi ke nan har ƙarshen rayuwarta.

A Shikago ta yi rubutu a kan kiɗa. Ta yi wa mujallar Down Beat sharhi a kan kiɗan jaz, sannan ta shiga kamfanin faifai na Vee-Jay, wanda wata mace baƙar fata, Vivian Carter, ta kafa tare da mijinta James Bracken a 1953. Da farko aikinta shi ne rubuta bayanin da ake bugawa a bayan jakar faifai, wanda mai saye zai karanta kafin ya sa hannu a aljihu. Daga nan aka ba ta riƙon sashen hulɗa da ƙasashen waje. A wannan matsayi ne ta shiga cinikin da kamfanin ya ƙulla da EMI na Ingila, wanda ya sa Vee-Jay ya fitar da faya-fayan mawaƙan Beatles a Amurka a farkon 1963, lokacin da manyan kamfanonin ƙasar ba su ga abin so a cikinsu ba. Shekara guda bayan haka, ba a maganar kowa a Amurka sai su. Darasin farko da ta koya ke nan: haja tana iya zama mai kyau ta kwana a shago, in ba a samu wanda ya san yadda zai gabatar da ita ba.

Yadda sana'ar take

A tsakiyar shekarun 1960 ta koma kamfanonin talla na Shikago tana rubuta musu kalmomin da ake sawa a jarida da rediyo da talabijin. Ya kamata a tsaya a nan a fayyace yadda irin wannan kamfani yake cin abinci, domin ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwar dabbobi ko ta albasa.

Kamfanin talla dillali ne. Ba shi da masana'anta, ba shi da sito. Mai sabulu ko mai madara ya zo masa da haja, shi kuma ya binciko su wane ne masu saye, me suke so, wane harshe suke ji, ƙarfe nawa suke kunna rediyo. Sannan ya tsara magana da hoto, ya sayi fili a jarida ko lokaci a gidan rediyo a madadin mai hajar. La'adarsa a al'adar wancan zamani ita ce kashi 15 cikin 100 na kuɗin da aka kashe wajen sayen filin. Dukiyar irin wannan kamfani ba ta wuce abu biyu ba: basirar ma'aikatansa da amincewar masu ba shi aiki. Dillaliyar da ke shiga gidajen matan aure da atamfa da kwanuka ta san wannan sarai. Kayan ba nata ba ne, kuɗin ba nata ba ne, amma ranar da aka ce ta yi ƙarya a kan farashi, ƙofofin unguwa sun rufe mata.

A lokacin, ƙidayar 1970 ta nuna baƙaƙen Amurka sun haura miliyan 22, wato kusan kashi 11 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Suna sayen sabulu da abinci da tufafi kamar kowa, amma tallace-tallacen da ake yi ba a yi su dominsu ba. In ma an nuna baƙar fata, sai a nuna shi a matsayin bara ko abin dariya. Mujallar Ebony, wadda John H. Johnson ya kafa a Shikago a 1945, ta daɗe tana fama da manyan kamfanoni don su gane cewa akwai kasuwa a nan. Barbara Proctor ta shigo sana'ar daidai lokacin da idon kamfanonin ya fara buɗewa.

Korar da ta zama sanadi

Gab da 1970, kamfanin da take wa aiki ya tsara wata talla ta man gyaran gashi, inda za a nuna mata suna jerin gwano a titi suna neman a ba su man, kwaikwayon zanga-zangar neman ƴanci da ta girgiza ƙasar a shekarun da suka gabata. A wannan gwagwarmaya an daki mutane, an ɗaure wasu, an kashe wasu, har da jagoranta Martin Luther King a 1968. Ta ce ba za ta sa hannu a aikin da zai mai da jinin mutanenta abin wasa ba. Aka sallame ta.

A 1970 ta kafa nata kamfanin, Proctor & Gardner, kuma ana lissafa ta a matsayin mace baƙar fata ta farko da ta kafa kamfanin talla ta mallake shi a Amurka. Sunan kansa yana da labari. Gardner sunan gidansu ne, Proctor kuma sunan mijin da suka rabu. Ta haɗa su biyun ne domin ta san halin kasuwar: masu haja za su ɗauka akwai wani namiji mai suna Gardner a ofishin ciki yana riƙe da lissafi. Wani zai ce ai wannan dabara da ƙamshin yaudara. Sunayen dai duka nata ne, kuma in akwai abin kunya a ciki, yana kan kasuwar da ba ta iya ba mace aiki sai ta zaci akwai namiji a bayanta.

Saura jari. Ta nemi rance ta hannun hukumar gwamnatin Amurka mai tallafa wa ƙananan sana'o'i. Aka tambaye ta abin da za ta jinginar, alhali ba ta da gida ko fili. Sai ta gabatar da kanta a matsayin jingina: ta samo takardu daga kamfanonin talla uku, kowanne ya rubuta albashin da zai biya ta a shekara in da za ta yi masa aiki. Da waɗannan takardu ta nuna cewa basirarta tana da farashi sananne a kasuwa. Aka ba ta dalar Amurka 80,000. A lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar nan ta tamma biyar ba.

Watanni suka shuɗe tana biyan haya da albashi kafin aikin farko ya shigo. Sannu a hankali manyan kamfanoni suka zo: kantunan abinci na Jewel, kamfanin Kraft, kantunan Sears, da Alberto-Culver mai kayan gyaran gashi. Abin da ta sayar musu shi ne sanin mutanenta. A tallace-tallacenta ana ganin iyali baƙaƙe a teburin cin abinci, uba da uwa da ƴaƴa, cikin mutunci. Ta kuma gindaya wa kanta ƙa'ida: ba ta karɓar tallar taba sigari ko barasa mai ƙarfi, ba ta karɓar duk abin da zai wulaƙanta mata ko baƙar fata. A wancan zamani taba da barasa suna cikin masu zuba kuɗi mafi yawa a tallar unguwannin baƙaƙe, don haka ba ƙaramar riba ta bari ba. Amma ta san kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Da ta karɓi kuɗin, da ta rasa abin da ya sa uwayen gida ke gaskata maganarta, kuma wannan gaskatawar ita ce hajar da Kraft da Sears ke saye a wurinta.

Ɗaukaka da faɗuwa

A farkon shekarun 1980 aikin da ke bi ta hannun kamfanin ya haura dala miliyan 10 a shekara. Ranar 25 ga watan Janairu 1984, shugaba Ronald Reagan ya ambaci sunanta a jawabinsa na shekara gaban majalisar dokokin Amurka, a matsayin misalin wadda ta taso daga talauci ta gina kamfani na miliyoyi.

Tarihin bai tsaya a nan ba, kuma ɓoye sauran zai zama rashin adalci ga masu sauraro. A 1995 kamfanin ya karye, ya nemi kotu ta kāre shi daga masu bin sa bashi. Kasuwar da ta sha wahalar nuna wa duniya, manyan kamfanonin talla sun gane daɗinta, suka shigo da ƙarfin jarinsu suna janye ayyukan. Ga kuma raunin da ke tattare da sana'ar dillanci: wanda abincinsa ya rataya a kan masu haja huɗu ko biyar, in biyu suka juya baya, haya da albashi ba su jira. Ba ta naɗe hannu ba, ta sake buɗe wani ƙaramin kamfani mai aikin talla ta intanet, a lokacin da mutane kaɗan ne suka san abin da ake nufi da kalmar. Ta rasu a Shikago a watan Disamba 2018, tana da shekara 86.

Abin da tarihin ya nuna shi ne suna yana jawo jari, yana buɗe ƙofa, amma yana bukatar tsaro da tattali kamar kowace dukiya. Wanda ya yi suna bai tanadi abin da zai riƙe shi ba, mai ƙarfi zai zo ya ci kasuwar da ya share.

Sunayen da ke ƙasar nan

Jama'a, wannan yanki ba matalaucin suna ba ne. Tun shekarun 1960 ake yin siminti a Malbaza, har sunan garin ya zama sunan buhu a bakin magina daga Yamai zuwa Damagaram. Kilishin Nijar ya yi suna. Uwa uba albasar Galmi: a kasuwannin Abijan da Akara da Kumasi, mai saye da bai taɓa ganin taswirar jihar Tawa ba ya san kalmar Galmi, ya san launinta da yajinta da jimirinta wajen ajiya. Babu kamfanin talla da ya gina wannan suna. Manoman rani ne suka gina shi da guga da fartanya, shekara bayan shekara, tare da direbobin manyan motoci da ke bin babbar hanya mai lamba 1.

Sunan da ba a tsare ba kuwa yana da masu sha'awa. A shekarun 2000 wani kamfanin iri na ƙasar Senegal ya nemi hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka 17 da ke da mazauni a Yawunde, ta ba shi haƙƙi a kan irin albasa mai ɗauke da sunan Galmi. Sai da ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye kafin a janye sunan. Daga baya aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajista a wannan hukuma a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasar da suka fito, tafarkin da barkonon Penja na Kamaru ya fara bi a 2013. Rajista mataki ne babba, amma takarda ba ta sayar da albasa. Muddin buhu zai bar Galmi babu tambari, babu nauyi tsayayye, manya a sama ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa, to kowa na iya zuba tasa albasar a buhu ya kira ta Galmi, kuma in ta ruɓe sunan Galmi ne zai yi wari. Hausawa sun ce in kana da kyau ka ƙara da wanka. Tambari da awo na gaskiya da magana ɗaya su ne wankan haja.

Wa zai yi wannan aiki? A nan ne zancen mata ya shigo. Masu binciken da suka zauna a ƙasar Hausa, irin su Polly Hill a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, sun rubuta cewa akwai wata babbar kasuwa da ba a gani, wadda matan aure ke ci daga cikin gidajensu, ta hannun yara ƴan talla. Mace tana daka fura ko tana matsar man gyaɗa, ta san gidan da ke biya nan take da wanda sai ranar kasuwa, ta san lokacin da ma'aikata ke karɓar albashi, ta san muryar da ke tsayar da mai wucewa. Wannan shi ne ilimin da kamfanonin Shikago ke biyan kuɗi mai yawa don su samu. Bambancin da ke tsakanin ƴar tallar tashar Malbaza da Barbara Proctor makaranta ne. Ita kakarta ta tura ta aji, ta fito da alƙalami. Yarinyar da aka cire daga lakwal aka ɗora mata faranti tana kawo ribar yini guda, ana asarar ribar shekara arba'in, ban da haɗarin da take gamuwa da shi a bakin hanya da dare.

Sai batun rance. Ƴan kasuwa masu shekaru ba su manta da rushewar bankin BDRN a 1990 ba, ko karyewar darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu 1994. Tun daga lokacin banki ya ƙara riƙe hannu, ba ya sakin kuɗi sai ya ga takardar fili ko ta gida, abin da mata ƙalilan ne ke da shi da sunansu. Amma a ƙasar nan aka nuna wa duniya cewa amana tana iya tsayawa a madadin jingina. A 1991, a jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka gina a kan adashen da mata suka gada: kowace ta zuba abin da ya sawwaƙa a mako, a ba mai bukata rance, ta mayar da ɗan ƙari. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. A Yamai kuma, Hajiya Zeinabou Maïdah ta fara kamfanin Niger-Lait a 1994 da ɗan ƙaramin jari, har ya zama suna sananne a kasuwar nono. Matar da ta yi shekara goma a asusun ƙungiya ba ta taɓa saɓa ranar biya ba, littafin ƙungiyar shaida ne a kanta, daidai da takardu ukun da Barbara Proctor ta kai wa masu ba da rance. Abin da ya rage shi ne a samu ma'aikacin banki da zai yarda ya buɗe littafin ya karanta.

A shekarar da aka fara Mata Masu Dubara, ranar 13 ga watan Mayu 1991, dubban mata suka yi jerin gwano a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya Taron Ƙasa. An ƙara musu kujeru, ranar kuma ta zama ranar matan Nijar. Kujerar siyasa an same ta da tafiya a ƙasa. Ta kasuwa tana bukatar jari da ilimi da doka mai kāre mai ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga ƴan kasuwa: ƙungiyoyin masu albasa su yarda da buhu ɗaya, nauyi ɗaya, tambari ɗaya, su kuma hukunta duk wanda ya yi algus, ko da ɗan uwan shugaba ne. A ware wani abu daga kowane buhu don a yi shela a gidajen rediyo da kasuwannin da kayan ke zuwa, da harshen masu saye. Kada kuma a rataya ga mai saye ɗaya ko hanya ɗaya, domin abin da ya kayar da kamfanin Shikago ke nan, kuma rufe iyakokin da aka gani a 2019 da 2023 ya isa ishara.

Ga ma'aikatan gwamnati: tun da Malbaza ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, takardun da ake zuwa nema a Ƙonni da yawa sun dawo kusa. Matar da ta zo yi wa sana'arta rajista, a karɓe ta da sunanta, kada a ce ta je ta zo da mijinta ko wanta kafin a saurare ta. Kwanan da takardarta ta yi a aljihun tebur, kwanan jarinta ne ke narkewa.

Ga iyaye: yarinyar da ta fi kowa iya talla a gida, ita ce ta fi cancanta a bar ta ta ƙare karatu, domin baiwar da ke sayar da faranti guda a yau ita ce za ta sayar da mota goma ta albasa gobe, in an haɗa ta da lissafi da rubutu.

Allah ya sa albarka a kasuwa da gona, ya ba da damina mai kyau, ya mai da kowa gidansa lafiya.